Ɗan hakin da ka raina

Cikin ɗarin bara na kwana a gidan ƙanwata, a wani gari da ke arewa da Tawa. Da asuba ɗanta mai shekara uku ya tashi yana rawar sanyi, ya matso gindin murhu don jin ɗumi, ya yi tuntuɓe da icen da ke ci, tukunyar kunu ta kife masa a cinya. Kafin uwar ta fito daga ɗaki kakarsa ta riga ta fasa ƙwai ta shafa masa, maƙwabciya ta ƙara da man goge baki, aka yagi gefen tsohon zane aka naɗe. Muka ɗauke shi sai likita.

Malamin jinyar da muka tarar dattijo ne, ya kusa shekara ashirin a bakin aiki, kuma duk garin babu mai cewa ya taɓa wulaƙanta marar lafiya. Ko tsakar dare ka buga masa ƙofa zai fito. Ya goge wurin, ya zuba jan magani, ya shimfiɗa auduga kai tsaye a kan ƙunar, ya ɗaure da bandeji. Kakar ta ce, "Likita, ba ka yi mishi allura?" Ya yi masa. Ya ce a dawo bayan kwana uku.

Ranar da aka dawo audugar ta riga ta manne da nama. Da aka ɓamɓare ta sai ta taho da sabuwar fatar da ta fara rufe wurin, yaron ya yi ihun da har yau ina jin sa a kunnena. Bayan mako guda ciwon ya ɗuri ruwa, jiki ya yi zafi, dole aka nemi mota zuwa Tawa. A can wata malamar jinya wadda ba ta kai shekara talatin ba ta fara ba yaron maganin zafin ciwo kafin ta taɓa shi, ta jiƙa ɗaurin da ruwan gishirin asibiti har ya saki da kansa, ta wanke, ta rufe da ƙyalle mai maiƙo wanda ba ya mannewa. Ta dubi tsohuwar ta ce, "Inna, Allah ya kiyaye gaba. Amma in haka ta sake faruwa, ruwa mai tsabta za ku yi ta kwarara wa wurin, kamar minti ashirin. Ban da ƙwai, ban da mai." Tsohuwa ta riƙe baki ta ce, "Ruwa, ɗiyata? Mu tun tasowarmu cewa anka yi ruwa shi ka ɓata ƙuna."

Yaron ya warke da tabo. Kuɗin mota da magani da abincin masu jinya suka cinye tumaki biyu.

Da na koma garin na je na gaida dattijon, muka zauna a inuwar dogonyaro. Na tambaye shi yaushe rabonsa da horo. Ya ce ai ana kira, ya shiga lissafi da yatsu: rabon gidan sauro, rigakafin shan-inna, tazarar haihuwa, cike sababbin takardun rahoto. Na ce, to wankin miki fa, da ƙuna, da saran maciji? Ya yi jim, sannan ya ce, "Malam, wannan kam tun makaranta."

Amsar nan ce ta sa ni wannan rubutu. Ban ɗora masa laifi ba. Abin da aka koya masa ya yi, da zuciya ɗaya. Laifin yana kan tsarin da ya bar shi shekara ashirin da ilimin ranar da ya karɓi takardarsa.

1. Wane ne ke bakin ƙofa?

Mu Adarawa duk mai farar riga likita muke ce masa. Gaskiyar magana kuwa, mafi yawanmu sai mu shekara biyar ba mu zauna gaban likitan gaske ba. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Tawa na da mutum fiye da miliyan uku da dubu ɗari uku, kuma yanzu an wuce nan nesa. Ƙasarmu ba ta ko kusanci ma'aunin likita ɗaya ga mutum 10,000 ba, ƴan kaɗan ɗin da muke da su kuma yawancinsu suna Yamai da manyan birane. Wanda talaka ke tararwa in ya fita da ciwo shi ne malamin jinya a cibiyar kiwon lafiya da ake kira CSI, ko ma'aikacin lafiya a ɗakin shan magani na ƙauye, irin waɗanda aka gina da yawa a ƙarƙashin shiri na musamman na marigayi Tandja Mamadou tun daga 2001.

Shi ne mai dubawa, shi ne mai rubuta magani, shi ne mai ɗinki, wani lokaci shi ne ungozoma. Kuma layin da ke gabansa ƙaruwa yake. Tun da aka ɗauke kuɗin duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar a 2006 uwaye suka ƙaru a ƙofarsa, haka ma bayan da gwamnati ta rage kuɗin asibitocinta da rabi a 2024.

Zauna a bencin wata CSI kwana ɗaya ka ga abin da ke shigowa. Da damina masassara ce da gudawa, da manomin da hauya ta sare wa ƙafa. Da kaka ga saran kububuwa a gindin damin gero, ga harbin kunama. Da ɗari tari ne da mura da ƙunar yaran da suka matsa wa wuta. Da rani mai lambun albasa a Galmi ko a bakin tafkin Tabalak ya yanke da wuƙa, bel ɗin injin ban-ruwa ya kama yatsa, ɗan kabu-kabu ya goge gwiwa a kan kwalta. In ka haura Abalak da Cintabaradan aikin ya sake kama: igiyar rijiya ta saluɓe tafin hannu, sa ya soki makiyayi da ƙaho, raƙumi ya ciji mai shi. Waɗannan su ake kira ƙananan ciwo, kuma su ne kusan duk yinin malamin jinya.

A birnin Tawa in abu ya fi ƙarfinsa, babban asibitin jiha yana kusa. A arewa lissafin daban ne. Daga Abalak zuwa Tawa kusan kilomita 135 ne, a kan kwalta ke nan. Wanda ke Tasara ko Tiliya, ga rairayi, ga rashin tsaro, ga ƙarancin mota, tafiyar asibiti gare shi shawara ce ta dangi baki ɗaya, sai an sayar da dabba. A irin wannan wuri hukuncin malamin jinya na cewa "wannan zan iya" ko "wannan ku wuce gaba yanzu" shi ne kusan komai. In ya tura wanda bai kamata ba, ya talauta gida a banza. In ya riƙe wanda ya kamata ya tura, a rasa rai.

2. Kiɗa ya canza

Wani zai ce, miki miki ne, masassara masassara ce, me ya sauya da har sai an koma aji? Abubuwa da yawa sun sauya, kuma cikin rayuwar aikin mutum ɗaya.

Wanda ya fita daga makarantar kiwon lafiya ta Yamai ko ta Damagaram a ƙarshen shekarun 1990, an koya masa cewa duk zafin jiki da damina zazzaɓin cizon sauro ne, a ba da nibakin. Nibakin ta daina aiki a kan ƙwayar cutar, aka koma ga haɗin magunguna irin su Coartem. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina ba da maganin sai an gwada jini, gwajin da ke ba da amsa cikin minti goma sha biyar zuwa ashirin. To in gwajin ya nuna babu fa? Nan ne aikin yake, domin yanzu sai malamin jinya ya duba kunne, ya duba maƙogwaro, ya saurari ƙirji, ya tambayi fitsari. Wanda ba a sake koya wa wannan ba, sai ya ba da maganin zazzaɓin duk da haka, ya ɗora maganin kashe ƙwayoyin cuta a kai don kada a ce bai yi komai ba.

Mu da muka manyanta mun san yaran da allurar kinin a ɗuwawu ta bar su suna jan ƙafa har abada, saboda ta taɓa jijiya. Yau ga zazzaɓi mai tsanani akwai artesunat, har da wanda ake sa wa ƙaramin yaro ta dubura don ya riƙe shi kafin a isa asibiti. Gudawar yara, tun 2004 maganinta shi ne sabon haɗin ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zinc ta kwana goma zuwa goma sha huɗu, kuma ba a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta sai in da jini a bayan gida ko ana zargin kwalara. Tarin yaro kuwa, abin da ke raba mura da ciwon haƙarƙari agogo ne: a ɗaga riga a ƙirga numfashi minti ɗaya cur. In yaron yana tsakanin wata biyu da shekara ɗaya, 50 ko fiye ya yi sauri. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Aiki ne na minti ɗaya, ba ya cin ko dala, amma sau nawa ka ga an yi wa ɗanka shi?

Haka wajen rauni. Da can alkol ake kwarara wa buɗaɗɗen miki, mai ciwo yana ihu ana cewa magani na aiki. Yanzu an san yana ƙone naman da zai warke, kuma abin da ya fi komai shi ne wanki da ruwa mai tsabta, mai yawa. Tsohon jan maganin nan mai ɗauke da zaiba ƙasashe da dama sun daina amfani da shi. Mikin da ya yi datti ko ya kwana ba a gaggauta ɗinke shi, don kada a rufe cuta a ciki. Cizon kare ana wanke shi da sabulu minti goma sha biyar, a tura mutum neman rigakafin haukan kare. Duk wanda ƙusa ko kwano mai tsatsa ko hauya ta ji wa ciwo, a tambayi rigakafinsa na tetanos, cutar da ke sarƙe haƙora ta sandarar da jiki.

Saran maciji ya fi ba ni tausayi. Har yanzu ana ɗaure ƙafa tamau da igiya, a tsaga da reza, a tsotsa, a manna baƙin dutse. Duk wannan ƙara ɓarna yake. Dafin kububuwa jini yake hana daskarewa, saboda haka tsagar reza ƙofa ce aka buɗe wa jini, haka ma allura a tsoka, haka ma aspirin da diklofenak. Akwai gwaji mai sauƙi da kowace CSI za ta iya: a ɗebi jini kaɗan a zuba a ƴar kwalbar gilashi busasshiya mai tsabta, a ajiye minti ashirin ba a taɓa ba. In bai daskare ba, dafi ya shiga, a nemi maganin dafi ko a tura mutum nan take, ko da yana zaune yana hira. Malamin jinyar da ya san wannan zai ceci manomi da kwalba ɗaya da agogo.

3. Babban ciwo cikin rigar ƙarami

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma jihar Tawa ta ga wannan da idonta. A watan Agustan 2016 makiyaya a yankin Cintabaradan suka fara zuwa da zazzaɓi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi. Damina ce, kowa zai ce masassara. Sai wasu suka fara yin shawara, wasu jini na fita, ana mutuwa. A lokaci guda dabbobi na ɓari, ƙananansu na faɗuwa. Sai a tsakiyar Satumba cibiyar Pasteur ta Dakar ta tabbatar da cewa zazzaɓin kwarin Rift ne, cutar da ke kama mutum ta cizon sauro, ko ta taɓa jini da mahaifar dabbar da ta kamu. Kafin ta lafa ta kashe fiye da mutum talatin.

Babu na'urar gano wannan cuta a CSI, kuma ba na cewa a kai ta. Amma akwai tambaya guda da ba ta bukatar na'ura: "Dabbobinku lafiya? Suna ɓari?" Malamin jinyar da ke aiki cikin makiyaya, in ya ga gwajin zazzaɓi ya nuna babu, ya ga mutum uku daga rijiya ɗaya da ciwo iri ɗaya, ya yi wannan tambaya, ya ɗaga waya ya kira ofishin kiwon lafiya na gunduma, ya rage wa annoba makonni. Yaron da aka ɗauka aiki bana yana makarantar firamare a 2016. Wa ya ba shi labarin? Wannan darasi namu ne, a ƙasarmu aka biya kuɗinsa da rayuka, ya kamata duk wanda aka tura Abalak ko Cintabaradan ko Tasara ya ji shi kafin ya kwance kayansa.

Ciwon maƙogwaro ma haka. Sau ɗari mura ce. Amma mashaƙo da ya ɓarke a Kano a ƙarshen 2022, ya kuma shiga jihar Damagaram a 2023, da ciwon maƙogwaro yake farawa. Wanda ya sa yaro ya buɗe baki ya haska da tocila zai ga wata fata fara-fara mai toka-toka ta lulluɓe maƙogwaron, wuya ya kumbura. Wanda bai duba ba zai ba da parasetamol ya sallama. Kuma mun san inda uwa ke nufa daga nan: wajen wanzami a cire belu, da aska ɗaya da za ta shiga bakin wani yaron gobe.

Ciwon kai da zazzaɓi cikin zafin bazara, a ƙasar da sanƙarau ya kashe fiye da mutum 500 a 2015, yana bukatar hannu ya taɓa wuya a ga ko yana lanƙwasuwa. Dasashin yaro mai tamowa da ke jini yana wari, in an gan shi da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wankin baki da abinci sun isa. In an raina shi, cikin kwanaki kaɗan cutar noma ta cinye kunci. Mafi yawan yaran da ba a yi wa magani ba mutuwa suke, waɗanda suka rayu kuma su ne ake kaiwa asibitin noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, a yi ta gyaran fuska shekara da shekaru. Sai a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Sai yaron da ya faɗo daga jaki aka kai wa maɗori. Ba na raina maɗora, suna da gado kuma mutane sun yarda da su. Amma in ɗauri ya yi tsauri yatsu sukan yi sanyi su yi baƙi, hannun da karaya ce kawai ta same shi ya ƙare a yankewa. Malamin jinyar da ya saba duba yatsu, wanda kuma yake gaisawa da maɗorin garin har zai iya ce masa "Baba, a sassauta kaɗan," ya fi wanda ke zaune a ofis yana zagin masu maganin gargajiya amfani.

Ƙwarewa a ƙananan ciwo, ashe, rabinta sanin wanda ba ƙarami ba ne. Wannan ido kuwa dushewa yake in mutum yana aiki shi kaɗai shekara da shekaru, babu mai ce masa ka yi daidai, babu mai ce masa ka kuskure.

4. Horon otal

Kada a ce ba a horo a ƙasar nan. Ana yi, har ya yi yawa a wani fannin. Matsalar ita ce wa ke zaɓen darasi, wa ke zuwa, kuma a ina ake yi.

Darasi mai kuɗi ke zaɓensa. Mai ba da tallafin zazzaɓin cizon sauro zai kira taro a kan zazzaɓi, mai tallafin rigakafi a kan rigakafi, mai tallafin tamowa a kan tamowa. Duka suna da amfani, kuma an ga amfaninsu: maganin kariya da ake ba yara wata-wata da damina ya rage kwanciya ƙwarai. Amma babu wata ƙungiyar waje da aka kafa don ƙunar kunu ko saran hauya. Ciwon da ba shi da uban gida ba shi da taron bita. Kuma abin da ya dogara da aljihun wani, ranar da mai aljihun ya juya baya ya tsaya. Mun ga haka a 2025 da Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, ayyuka da yawa a Afirka suka tsaya cak.

Sai batun wa ke zuwa. Takardar gayyata sunan shugaban cibiya take ɗauka, wanda muke kira majo. Shi zai tafi Tawa ko Ƙonni ko Yamai kwana biyar. Wanda ke wanke miki kullum kuwa sau da yawa ɗan kwantaragi ne, ko ƴar sa-kai da ta gama makaranta tana jiran a ɗauke ta, ko ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauye. Su ba a san da su ba. An ce majo in ya dawo zai koya wa na ƙasa da shi, amma yana dawowa layi na jiransa, rahoton wata na jiransa, littafin da aka raba a taron ya shiga kabad. A cibiyar da ma'aikaci ɗaya ne tak, tafiyarsa horo na nufin kwaɗo a ƙofa mako guda, mutane su koma wajen mai tallar magani a faranti, wanda ke sayar da ƙwaya da launinta.

Ga kuma kuɗin zama, perdiyem. Ban ga laifin ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ba in ya yi murna da shi. Amma ya sa taro ya zama rabon arziki, ana zaɓen mai zuwa da sanayya, mutum ɗaya ya halarci darasi ɗaya sau uku, wani bai taɓa zuwa ko sau ɗaya ba. Kuma wankin ƙuna aikin hannu ne. Ba a koyonsa a ɗakin otal mai sanyi ana kallon hoto a bango, kamar yadda ba a koyon kokawa da sauraron rediyo.

5. Namu kason

Mu ma muna da hannu. Kakar yaron nan da ta nemi allura ba ita kaɗai ba ce. A wurinmu likitan da bai yi allura ba, bai rataya ƙarin ruwa ba, bai rubuta magani kala huɗu ba, bai iya aiki ba. Malamar jinya za ta dawo daga horo ta san cewa murar yaro ba ta bukatar komai sai ruwa da nono da parasetamol, ta faɗa, uban ya fita yana cewa yarinyar nan ba ta san komai ba, ya wuce kemis. Gobe sai ta rubuta abin da ake so don a zauna lafiya. Yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba bisa ƙa'ida ba shi ke sa ranar da ake bukatarsa da gaske ya ƙi ci.

Don haka cikin abin da za a koya wa malamin jinya har da magana: yadda zai ce wa dattijuwa a'a ba tare da ta ji an raina ta ba. A arewa har da harshe. Yaron da aka turo daga Doso bai san kalmar zafi ko jini ko amai da Buzanci ko Fulatanci ba, matar makiyayi kuma ba za ta faɗi ciwonta ta bakin wani namiji tafinta ba. Kalma hamsin da zai koya a watan farko sun fi masa wani littafin.

6. A kai karatun inda mikin yake

Na san abin da ma'aikatan lafiya za su ce, kuma suna da gaskiya: a ba mu safar hannu da bandeji da ruwan famfo tukuna, a biya ƴan kwantaragi a kan lokaci. Ilimin wanke miki da ruwa mai yawa ba shi da amfani a cibiyar da ake sayen ruwa a jarka. Ina tare da su. Amma ƙirga numfashi, da taɓa wuya, da haska maƙogwaro, da tambayar lafiyar dabbobi, da barin auduga a kan ƙuna, babu wanda ke jiran kasafin kuɗi. A nemi kayan aiki, a nemi ilimi, kada ɗaya ya zama hujjar barin ɗaya.

Hanyar ba sabuwa ba ce. A Ruwanda tun 2010 aka fara tura ƙwararrun malaman jinya cibiyoyin karkara, su yini tare da ma'aikaci yana duba marasa lafiyarsa, su gyara masa a nan take, su dawo wata mai zuwa. A Burkina Faso an sa wa ma'aikata manhaja a allon hannu da ke bi da su tambaya bayan tambaya wajen duba yaro. A nan gida, a Mirya, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun nuna cewa uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya auna damtsen ɗanta da ɗan zaren awo mai launi ta gane tamowa da kanta. In uwa ta koya a tsakar gidanta, malamin jinya zai koya a ɗakin aikinsa.

Muna da abin farawa. Kowace gundumar kiwon lafiya tana da tawagar da ke zagaya cibiyoyi. Yawanci rajista suke dubawa da lissafin magani. A sa cikin tawagar malamin jinya guda da hannunsa ya faɗa a wankin miki, aikinsa kawai ya tsaya kusa da mai aiki, ya gani, ya nuna. Shugabannin cibiyoyi suna zuwa gunduma kai rahoto, to a ware rabin yini a ɗauki ciwo guda a tattauna, da labarin marar lafiya na gaske, har da wanda aka yi kuskure a kansa, ba tare da an tozarta kowa ba. Darasin ya bi yanayi: maciji kafin kaka, ƙuna kafin ɗari, sanƙarau kafin bazara, zazzaɓin dabbobi kafin makiyaya su haura arewa. Duk ma'aikacin karkara ya samu mako biyu a shekara a ɗakin wankin miki na babban asibitin Tawa, ko na gundumarsa, ko asibitin Galmi da ke aiki tun 1950 in an yi yarjejeniya da su, a kuma tura wani ya riƙe masa cibiya kafin ya dawo. Inda waya ke kamawa, zauren WhatsApp tsakanin ma'aikata da likitan gunduma zai sa a tura hoton miki, da izinin mai shi, a samu shawara kafin a sa dangi neman mota.

Sannan a rubuta. A Najeriya malamin jinya ba ya sabunta lasisinsa, duk shekara uku, sai ya nuna shaidar ƙarin karatu. A Ingila ma duk shekara uku ne, da awa 35 na karatu. Ba na kiran a ɗora wa ma'aikacinmu wani sabon kuɗi ko wata sabuwar wahala. Ina kiran a ba kowa ɗan littafi da ke nuna abin da ya koya da ranar da ya koya, ɗan kwantaragi da ƴar sa-kai har da su, a riƙa dubawa wajen ƙarin girma, a kuma gane wanda aka manta da shi shekara goma a bakin iyaka. Gemu ba ya hana ilimi, kuma dattijon da na ba ku labarinsa da kansa ya ce mini in an kira shi gobe zai je, ko babu perdiyem.

Kirana ga hukumar kiwon lafiya ta jihar Tawa, da likitocin gundumomin Abalak, Cintabaradan, Tasara, Tiliya, Keita da Buza, da ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta SUSAS: ku sa wankin miki, ƙuna, saran maciji da duba zazzaɓin da ba na sauro ba cikin tsarin aikin shekara mai zuwa, da kuɗin gida, kada ku jira mai tallafi. Ku kuma ƴan kwamitin lafiya na gari, da masu gari, da limamai, ranar da tawagar gunduma ta zo, ku tambaye ta yaushe rabon da wani ya tsaya kusa da likitanku ya ga yadda yake wanke ciwo. In an ce ba a taɓa ba, ku nemi a sa rana kafin ɗari ya shigo.